Kambun da Na Ɗinka wa Yaya Jatau

Tun da na dawo daga ribaɗi ban ɗinka takalmi ɗaya na gama shi a zama ɗaya ba. Da na ɗauki basilla sai wani ya yi sallama, ya zauna bakin rumfa, ya ce, "Iro, wai da gaske ka ga yaƙi da idonka?" In fara ba shi labari, kafin in kai Runka wani ya iso ya ce a koma masa farko. Shekaranjiya har wani mai jaki ya tare ni a hanyar rijiya yana ba ni labarin kaina, wai ni kaɗai na kori mahara da wuƙar yankan fata. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin yadda ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in koma kan aikina.

Ni baduku ne a Babban Duhu, dukanci na gada. Amma tun ina ƙarami zuciyata ba ta zama a rumfa. Ranar kasuwa in fatake sun sauke kaya, nakan raɓe kusa da masu ba da labari, in yi ta sauraron labarin masoyan da hamada ta raba, har a tashi kasuwa ban sayar da ko zabira ɗaya ba. Karatun allon da na yi bai kai ni malanta ba. Ya dai kai ni iya rubuta ajami, kuma duk abin da na taɓa rubutawa waƙa ce, duk waƙar kuwa ta Dije ce, matata.

Dije marainiya ce, yayanta Jatau ya rene ta. Mutum ne dogo mai sanyin hali, in ya ɗana kibiya ga zabuwa ba ya kuskure, amma in ya ji ganga daga nesa sai hannunsa ya kama rawa. Kowa a garin ya san haka. Da kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, sai saƙo ya zo cewa kowane gari ya ba da 'yan baka su je su tsare wani ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, yamma da Batsari, don lokacin ne mahara ke gangarowa daga arewa. Aka zaɓi mutum bakwai a garinmu, da Yaya Jatau a ciki.

Malam Bawa, malamin garinmu, ya rubuta wa kowannensu laya. Ga yadda ake yi: malam ya rubuta, ya naɗe, ya ɗaure da farin zare, ya aiko wa baduku. Baduku ba ya buɗewa, mai ita ma ba ya buɗewa, don layar da aka buɗe ta karye. Ta Yaya Jatau kau-da-bara ce, wadda ke sa mai harbinka ya kuskure, kuma kambu aka ce in yi masa da ita, ya ɗaura a damtse.

To a makon nan na gama wata doguwar waƙa ta Dije, takarda biyar cif, cikin takardun da Malam ya ba ni tukuicin gafakar da na ɗinka masa. Naɗi ɗaya na iya a duniya, naɗin laya, don haka na naɗe waƙar, na ɗaure ta da farin zare, na ajiye a faifan aiki. Ranar ɗinki ana gaggawa, za su tashi da asuba. Na ɗauki ƙunshi na ji shi da kauri, na ce a raina, "Malam ya san halin Yaya, ya ƙara masa ƙarfi." Har na ninka masa fatar sa biyu don ta ɗauki kaurin. Ƙunshin da ya saura kuwa na sulale na saka shi cikin ƙwaryar Dije, ina ta hango murmushin da za ta yi ranar da ta gano shi.

Sai bayan kwana goma sha biyu ta gano shi. Ba ta karatu, sai ta kai wa matar Malam, wadda ke koyar da matan gari. Ina rumfa na ga ta dawo da sauri, mayafinta ya zame ba ta gyara ba.

"Maigida, me ka ɗinka wa yayana?"

Na dubi takardar da ke hannunta: guda ɗaya, siririya, da hatimin Malam a tsakiya. Layar Yaya ce, ashe waƙata na ɗinka masa.

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Shi ne uwata, shi ne ubana. Yana can yana tare kibiya da waƙarka, yana tsammanin sunan Allah ne a jikinsa. In wani abu ya same shi, ban san da wane ido zan sake dubanka ba."

Na je na faɗi gaban Malam Bawa. Ya daɗe yana shafa gemu, sa'an nan ya sake rubuta wata sabuwa, ya naɗe da hannunsa, ya ce, "Allah ke tsarewa, Iro. Amma amana aka ba ka. Ɗinka, ka kai." Na ɗinka a gabansa. Da safe Dije ta ɗaure min gumba a ƙyalle, ta ajiye bakin ƙofa, ta koma ɗaki ba ta ce a sauka lafiya ba.

Ina fita ƙofar gari na yi tuntuɓe da ƙafar hagu. Wata tsohuwa mai tsince itace ta ce, "Ɗan nan, koma gida ka kwana, wannan ƙafar ba ta tafiya ba ce." Na ce, "Inna, in na koma babu wanda zai buɗe min ƙofa." Na wuce.

Na bi wasu masu jakuna da za su Runka da kanwa. Damina ta tafi amma gulbi bai janye ba, ruwa har ƙugu. Na saka kambun a baki na cije, na ɗaga zabirata bisa kai. A tsakiyar ruwa laka ta riƙe min takalmin dama, ta ƙi saki. Haka na shiga Runka, baduku ɗan baduku, da takalmi wari ɗaya, masu jakuna suna ta gaya wa duk wanda muka gamu da shi sana'ata.

Wani maƙeri ya sauke ni a zaurensa. Ba ya ƙirar fartanya a wannan lokaci, sai kan kibiya, tsibi guda a gefen zuga. Abin da ya fara ba ni mamaki a Runka shi ne shiru. Mu a Babban Duhu mata na daka har bayan magariba, turmi na amsa wa turmi. Can kuwa da an yi la'asar sai a kife turame, a rufe ƙofar gari tun rana na sama, wai kada ƙarar daka ta nuna wa baƙon daji hanya. Uwar maƙerin ta kawo min tuwon dawa miyar kuka, ta zuba daddawa kamar ba za a sake yin wata ba, ta tsaya a kaina sai da na cinye.

"Ina za ka, ɗan nan, da ido kamar wanda aka yi wa sata?"

"Ribaɗi, Goggo. Saƙo zan kai wa surukina."

"To ka yi sauri," in ji maƙerin, bai ɗago daga aikinsa ba. "Mafarauta sun ga sawun dawaki a bakin daji, ba na mutanenmu ba ne."

Kafin in kama hanya da safe na yanka wata tsohuwar fata na haɗa wa ƙafata abin takawa.

Daga Runka na tafi ni kaɗai, daji na hannun hagu. An ce min in na kai wata kuka mai rassa biyu in karkata dama. Amma ni a lokacin ba na kan hanya. Ina can cikin zuciyata na iso ribaɗi a kan lokaci, na ɗaura wa Yaya kambu, kibau na ta kauce masa kamar tsuntsaye, Dije na tarye ni bakin gari da kuka da dariya. Ban farka ba sai da na ji huci a bayana. Wani jan bijimi ne, ya sunkuyar da kai. Ban san na iya hawan itace ba sai ran nan.

Ina bisa marke na ji dariyar wani dattijo. Bafillace ne, da sanda a wuya. Ya yi wa bijimin magana biyu cikin harshensu, dabbar ta juya kamar an kira ta cin dusa.

"Jam na, baƙo? Lafiya? Sauko. Mene ne sana'arka?"

"Baduku ne, Baffa."

"Ai shi ya sa. Ya ji warin 'yan'uwansa a jikinka."

Ya kai ni ruga, aka dama min gumbar Dije da kindirmo mai kauri, wanda cokalin duma ke tsayawa a cikinsa. Ina sha na ga wata tsohuwar saniya da laya a wuya, fatar ta yi baƙi don daɗewa. Aikin hannu ne mai kyau, sai na tambaye shi abin da ke ciki.

"Ban sani ba. Ubana ya ɗaura wa uwarta, ni na mayar mata."

"To tana aiki?"

Ya dubi saniyar, ya dube ni. "Ban sani ba ko ita ta san da ita. Ni dai na san tana nan, shi ya sa nake iya barci."

Ya raka ni har inda ake hango rumbunan Zakka. Na kwana a zauren masallaci, aka kawo min dambu da zogale daga gidaje uku, don a Zakka in baƙo ya sauka kowace unguwa sai ta aiko da nata, kuma a tambaye shi da safe na wa ya fi daɗi. Na ce duka, suka ce ni ba mai gaskiya ba ne.

Rana ta uku na ratsa Batsari ban zauna ba, na sha ruwa a tsaye, na nufi yamma. Daga nan ƙasa ta canza. Manoma na yankan dawa da kwari a baya. Mata ba sa kai abinci gona ɗaya-ɗaya, sai a ayari. A kan kowane dutse akwai mutum zaune da ganga, yana kallon arewa.

Ribaɗin na gindin wani babban dutse. Kafin ka kai ganuwa sai ka ratsa sarƙaƙiya da aka shuka da gangan, hanyar ciki a karkace, ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Mai tsaron ƙofa ya tare ni da mashi. Maganarsa irin ta mutanen yamma ce.

"Tsaya nan. Mi ya kawo ka? Wa ka sani cikin garin ga?"

Ya zazzage zabirata: wuƙa, basilla, zare, kambu. Da na yi shiru da an bar ni na shiga. Amma na leƙa ta ƙofa na ga maza da yawa, sai bakina ya kuɓuce, na ce, "Kai! Mutum nawa ne haka a ciki?"

Kafin in rufe baki an kayar da ni. Ashe a ribaɗi ba a ƙirga mayaƙa. Su a wurinsu wanda aka ƙirga an nuna shi ga mutuwa, kuma ba mai tambayar yawansu sai ɗan leƙen asiri. Ana ɗaure ni ina ihun sunan Jatau na Babban Duhu.

"Jatau mai kambu?" in ji mai ƙofa, ya sassauta igiya. "Kai ka san shi?"

Mutumin da ya fito ban gane shi da farko ba. Tafiyarsa ta canza, kafaɗunsa sun buɗe. A damtsensa na hagu ga aikin hannuna, ya yi baƙi da gumi.

"Iro! Lafiya? Dije fa?"

"Lafiya lau take, Yaya. Tana gaishe ka."

"Ku sake shi, mijin ƙanwata ne. Shi ya ɗinka wannan." Ya bugi kambun da tafin hannu. Nan take waɗanda suka kayar da ni suka shiga kakkaɓe min riga.

Kafin la'asar na ji labarin duka. Ranar da suka iso, an fita sintiri aka yi kiciɓis da 'yan leƙen mahara. Sauran suka watse. Yaya Jatau ya ji hannunsa zai fara rawa, sai ya dafa kambun, ya ji kaurinsa, ya ce a ransa wanda aka rubuta wa duk wannan ba ya mutuwa yau. Ya tsaya ya yi harbi uku, mahayan suka juya. Tun daga ran nan duk mai fita sintiri sai ya zo ya shafi kambun Jatau.

Ba shi kaɗai ke da abin dafawa ba. Na zaga na ga abubuwan da ban taɓa gani a gida ba. Wani ya ɗaure ƙyallen zanen matarsa a bakin kwari. Wani yana yawo da tsakuwa daga murhun uwarsa. Wani ƙato mai guru uku a ƙugu, abin da ya fi ji da shi ɗan munduwar 'yarsa ne, ya rataya a wuya. Ba a tsallake baka in yana ƙasa. Ba a cewa "sai na dawo," sai dai a ce "a ajiye min ruwa." Limamin garin yakan yi musu wa'azi cewa duk wannan camfi ne, su ce gaskiya ne Liman, su koma su gyara ɗaurin ƙyallensu.

Na ja Yaya gefe, na fito da sabon kambu. Na ce, "Malam ya ce in kawo maka wannan, ka cire wancan."

Ya ja da baya kamar na nuna masa maciji. "A cire? Ba a kwance kambu sai an sallami mutum gida. Kai baduku ne, ka fi ni sani."

"To ɗaura su biyu."

Ya ɗauka, ya latsa shi da yatsa, ya yi dariya. "Wannan ɗan siririn? Iro, dubi jikinka, ko allura ba ka da maganinta. Miƙo hannu. Ba na son ƙanwata ta yi takaba." Da hannunsa ya ɗaura min layar da na yi tafiyar kwana uku don in kawo masa.

Na rasa inda zan sa kaina, sai na nufi Sarkin Baka, wani tsoho mai ido ɗaya da ke shugabantar 'yan baka. Na same shi yana shafa wa kibau dafi. Na durƙusa na faɗa masa komai. Bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba.

"Wa ka hwaɗa ma, ban da ni?"

"Babu, Baba."

"To ka riƙe bakinka. Masu dutse sun ga hayaƙi, gobe da hantsi suna nan. Mazan ga duka na tsayawa don Jatau na tsaye. In ka gaya mashi yau, ba takarda za ka cire mashi ba, ƙafafu za ka cire mashi."

"In kibiya ta same shi fa?"

"Sai ka ɗauki abinka ka kai gida. Kowa nan da abin da yake ɗauke da shi."

Da hantsi gangar kan dutse ta tashi. Ku da kuke tambayata yadda yaƙi yake, ga abin da na sani: ƙara ce, da ƙishirwa. An ba ni salkar ruwa da damin kibau, aka ce in bi bayan ganuwa in riƙa miƙawa. Mahara suka zo da dawaki, sarƙaƙiya ta hana su, sai 'yan bakansu suka sauka suka rarrafo ta cikin ƙaya. Kibau suka fara sauka kamar farkon ruwan sama. Kowa ya duƙa, yana ɗagowa ya harba ya koma.

Ban da Yaya Jatau. Yana tsaye a inda ganuwa ta ɗan zube, hannun hagu a miƙe da baka, yana ɗanawa yana saki kamar yana harbin zabi a gonarsa. Ni kaɗai da Sarkin Baka muka san abin da ke damtsensa. Ina rarrafe ina karanta duk addu'ar da na sani, ina haɗawa da sunan Dije.

Ina miƙa masa kibau ke nan na ji wani sauti, tim, kamar an bugi ganga da tafi. Ya faɗi a gwiwa. Kibiya ce tsaye a damtsensa na hagu. Na san dafin da ake shafa musu, ko ƙwarzane ya yi mutum ba ya kai azahar. A zuciyata na ga Dije ta juya min baya har abada, na ga kaina ina bin duniya ba gari.

Sarkin Baka ya iso da gudu, ya fizge wuƙata, ya yanke igiyar kambun. Kambu ya faɗo da kibiya a jikinsa. Tsohon ya murza damtsen, ya kai ido ɗayansa kusa, ya duba, ya sake dubawa. Wurin ya kumbura, amma ko ɗigon jini babu.

"Tashi, Jatau! Ba ta taɓa ka ba!"

Ya tashi. Ya ɗauki bakansa. Kabbarar da ta tashi a ganuwar nan har yau ina jin ta a ƙirjina. Waɗanda ke duƙe duk suka miƙe. Mahara sun ga mutumin da suka harba ya faɗi, sun kuma ga ya tashi yana harbinsu, ga kibau na zubo musu daga ko'ina. Suka fara ja da baya, ƙaya na kama rigunansu, kafin rana ta take tsaka sai bayan dawakinsu muke hangowa. Mata suka fito suna guɗa. Ba a taɓa rumbu ko ɗaya ba, ba a tafi da ko akuya ba.

Bayan azahar aka taru gindin wata tsamiya, kowa na son ganin kambun. Wani ya ja kibiyar, ƙugiyarta ta fito da takardu, suka warwatse a ƙasa. Liman ya yi maza ya tsince su, kada a taka sunan Allah. Ya kakkaɓe, ya duba ta farko. Na ga girarsa ta ɗaga. Ya duba ta biyu.

"Wace aya ce, Liman?" in ji ƙaton nan mai guru uku. "Karanta, mu ma a rubuta mana."

Liman ya yi gyaran murya, ya karanta a hankali:

"Dije, ranar da kika wuce da tulu a ka,
Basilla ta soke ni, ban ji ba, ban yi kuka."

Sa'an nan wani ya fashe da dariya, sai gaba ɗaya wurin ya ɗauka, har da masu riƙe ciki. Ni dai na rarrafa na durƙusa gaban Yaya Jatau, kaina a ƙasa.

"Yaya, ni ne. Kuskure na yi. Taka ce a hannuna."

Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya jera takardun, ya nuna hudar: ta ratsa fata biyu, ta ratsa ninki bayan ninki, ta tsaya saura kaɗan. Ya zo ya latsa kambun da ke damtsena.

"Ban ce ta Malam ba ta yi ba," ya ce. "Ga wanda ya ɗaura ta nan, ya yi ta yawo cikin kibau ko ƙwarzane babu. Allah ne ya tsare su, su biyun. Amma shi Jatau, da yawan maganar wannan bawan Allah aka tsare shi. Da ya taƙaita waƙar nan, da yanzu muna haƙa kabari."

Yaya Jatau bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon hannunsa, yana juya shi, hannun ko motsi ba ya yi.

"Wato duk kwanakin nan," ya ce, "ni ne ke tsaye."

"Kai ne," in ji Sarkin Baka. "Ni da ido ɗaya na gani."

Ya karɓi takardun daga hannun Liman, ya miƙo min ba tare da ya dube su ba. "Naɗe. Ɗinke min shi yadda yake."

"Jatau, layar da aka buɗe ai ta karye," wani ya ce.

"Wannan ba laya ba ce, ba ta karyewa." Ya juyo gare ni, kunya ta kama shi har ya kau da kai. "Kai kuma, kada in sake jin baiti ɗaya nata a gabana. Ƙanwata ce."

Kwana huɗu na ƙara a ribaɗin, ban huta ba. Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya waiga ya ga ba mai ji, sa'an nan ya raɗa min suna. Wani matarsa, wani uwarsa, wani gonarsa ta fadama. Takarda babu, sai na riƙa rubutawa a kan farar fata. Sharaɗinsu ɗaya ne duka: "Baduku, ka yi ta da tsawo." Mai tsaron ƙofar da ya ɗaure ni shi ya fi kowa naci, sai da na ƙara masa baiti goma.

Dawowa ba ta da labari. Ƙafata ta san hanya, ko kukar nan mai rassa biyu na gan ta a wannan karon. Na tsaya a Runka na ɗinka wa Goggo takalmi, ta sake cika ni da daddawa.

Na iso gida da la'asar. Dije na tsakar gida tana tankaɗe. Ta gan ni ta tsaya, ta zuba min ido. Na kwance ƙyallen da ta ɗaure min gumba, na ajiye a gabanta. Kan kibiyar ne a ciki, an wanke dafin, bakinsa ya lanƙwashe.

"Yaya ya ce in ba ki. Yana lafiya. Ya ce a ajiye masa ruwa."

Ta zauna a ƙasa ta yi kuka har ya ishe ta, ni kuma na ba ta labarin nan da kuka karanta. Da ta share ido sai ta ce, "To ni waƙar tawa fa? Ribaɗi duk sun ji, ni ban ji ba."

Tana can a damtsen yayanta, amma ina da ita a ka. Na zauna bakin turmi na fara. Kaji suka shiga akurki ina yi. Tuwon da ke kan wuta ya kama, ba wanda ya tashi. Da na kai ƙarshe na dube ta ina jira.

"Ta yi tsawo," ta ce.

Na sunkuyar da kai.

Ta ɗauki kan kibiyar ta ƙulle a bakin zanenta. "Kada ka rage ko kalma ɗaya."